Abin da Trofim Ya Gaya wa Magatakarda

Magatakarda ya iso daga Petersburg
da ƙanƙara a gemu, da takarda a hammata,
yana neman tarihin maigidana,
Janar Yevgraf Lukich Tarbeyev,
shekara arba'in da ɗaya cikin kaki.
Na ce zauna, shayin bai huce ba.

Ya karanta: yana ɗan sha biyar ya shiga soja.
Haka ne. Ƙara da cewa takalmin ya fi ƙafarsa,
uwarsa ce ta cusa ciyawa a ciki,
ta tsaya bakin ƙofa har keken doki ya zama ɗigo.
Wasiƙar mutuwarta ta yi wata bakwai a hanya.
A tsaye ya karanta, ya ninke,
ya nemi ruwan aski.

Ya karanta: a duwatsun Kafkas ya nuna jarunta,
aka maƙala masa lambar yabo.
Ni na goyo shi daga kwazazzabon,
harsashi a cinya, yana kiran sunan dokinsa.
Ƙauyen da muka cinna wa wuta yana da itatuwan tuffa,
'ya'yan suka gasu a jikin reshe.
Wata tsohuwa ta zauna kan dutse tana kallonmu,
ba ta zage mu ba.
Da ma ta zaga.
Tun daga ranar bai sake kai tuffa baki ba
ko a teburin manya.

Ya karanta: ya haye Danube da mutum dubu uku.
Tambaye ni nawa suka hayo.
Ba igwar Turkawa ta fi cin su ba,
zawo ne, da sanyi,
da garin da 'yan kwangila suka cakuɗa da ƙasa.
Sau huɗu ya kai kuka sama.
Amsa ta sauko: takobi mai kuben zinariya.
Ya rataya, ya sara, ya yi godiya,
da dare ya jefi bango da kofi.

Kada ka zaci rigar waliyyi na yi ta wankewa.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Yermolai ya yi gyangyaɗi a bakin gadi,
ya sa aka zuba masa bulala ɗari biyar,
yaron bai ga asuba ba.
Dubi wannan giɓi a bakina, hannunsa ne.
Washegari ya ajiye mini tabarsa a kan akwati,
bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba.

Layi uku aka sallame shi da su.
Muka dawo Ozerki, ya kama kiwon zuma,
ya jera amya goma sha biyu kamar fareti,
yana bi da sanda yana duba su da safe.
Zuma ba ta sara wa kowa.
Ina jin abin da ya so a wurinsu ke nan.

Amma dare, malam, dare.
In fitila ta mutu sai ya fara kiran suna:
Savva. Gurii. Ɗan maƙeri daga Tula.
Mai busa ƙaho da kogi ya tafi da shi.
Ni kuwa daga tabarmata a bayan ƙofa
ina amsa wa kowa: ga ni, ranka ya daɗe.
Shekara tara ina zama bataliya guda.

Daren jiya ya kira Yermolai.
Bai taɓa kiransa ba.
Na yi shiru, ina sauraren itace yana ci a murhu.
Ya sake kira, muryar ta koma ta ɗan sha biyar.
Sai na amsa.

Magatakarda ya tsoma alƙalami a tawada,
ya rubuta: ya rasu a gidansa cikin salama.
Ya hura takardar ta bushe,
ya tambaya ko akwai sauran shayi.